TARIHIN LAMARCK, MASANIN DA YA BINCIKI ABIN DA ƊA KE GADA WURIN IYAYENSA

Duk wanda ya bi ta Tudun Jukun da la'asar, ko ya gangara Tudun Wada ya shiga birni ta Ƙofar Doka, zai ga dattawa zaune a ƙofar gida, waɗansunsu da tsaga a fuska, jikokinsu kuwa suna wasa a gabansu da fuska sumul. Tun kaka da kakanni wanzami yake sa wa mutanen gidan aska, amma ba mu taɓa jin an haifi jariri da tsagar kakansa ba. Haka nan maƙeri, shekara arba'in yana dukan ƙarfe har damtsensa ya yi kauri, ɗansa kuwa sai a haife shi da hannu irin na sauran jarirai. Duk da haka muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ba ƙarya muke yi ba, gama mukan ga yaro da hancin ubansa, yarinya da muryar uwarta. To, mene ne ke bin jini, mene ne kuma ke tsayawa ga mai shi?

A wannan fitowa za mu ba da tarihin wani Bafaranshe wanda ya ƙare rabin ransa a kan wannan tambaya. Ya gane wani babban abu tun kafin mutanen zamaninsa su yarda da shi, ya kuma yi kuskure a wani, sai duniya ta riƙe kuskuren ta manta da sauran aikinsa. Sunansa Jean-Baptiste Lamarck.

ƘURUCIYA DA AIKIN SOJA

An haife shi ran 1 ga Agusta, 1744, a ƙauyen Bazentin da ke arewacin Faransa, watau shekara goma kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ne na goma sha ɗaya a gidansu, gida mai asalin sarauta amma marar dukiya. Mazan gidan aikin soja suka gada, har babban wansa a fagen fama ya rasu. Uban ya ƙudura cewa wannan yaro firist zai zama, saboda haka ya kai shi makarantar Fadan-fadan Jesuit da ke birnin Amiens. Yaron ya yi karatu, ya koyi Latin wanda ya amfane shi daga baya, amma zuciyarsa ba ta wurin. Mu da muka bi ta makarantar horon firistoci mun sani kira ba abin da uba ke zaɓa wa ɗansa ba ne.

Da uban ya rasu sai ya bar makaranta, ya sayi wani ramammen doki, ya nufi ƙasar Jamus inda rundunar Faransa take yaƙi. Shekarunsa ba su cika goma sha bakwai ba. A watan Yuli na 1761 aka gwabza a wani wuri mai suna Vellinghausen. An ba da labari cewa wuta ta cinye hafsoshin rukuninsa duka, mutum goma sha huɗu kaɗai suka rage, suka ce masa a ja da baya, shi kuwa ya ƙi motsawa sai umarni ya zo. Saboda wannan jaruntaka aka ba shi muƙamin hafsa nan take.

Bayan yaƙi aka tura shi zaman tsaro a Toulon da Monaco, a bakin Bahar Rum. A can ne ya fara lura da tsire-tsire, yana tattara su yana kwatanta su da waɗanda ya sani a arewa. A can ne kuma wani abokin aikinsa, cikin wasa, ya ɗaga shi sama ta kansa, wuyansa ya kumbura, har sai da aka kai shi Paris aka yi masa aiki. Wasan banza ya raba shi da soja a 1768, ya koma yana rayuwa da ɗan fansho wanda bai isa ci da sutura ba.

MAI ILIMIN TSIRE-TSIRE

A Paris ya yi aikin akawu a wani banki, ya taɓa karatun likita bai ƙarasa ba, amma duk lokacin da ya samu sarari sai ya tafi Lambun Sarki, inda ake renon tsire-tsire daga ƙasashe dabam-dabam. Shekara goma ya yi yana wannan nazari. A ƙarshe ya rubuta littafi mai juzu'i uku a kan tsire-tsiren Faransa, wanda ke ɗauke da shekarar 1778. Abin da ya sa littafin ya yi suna shi ne dabarar da ya tsara domin gane tsiro. Ana yi wa mai karatu tambaya mai amsa biyu rak, misali ko ganyen a haɗe yake ko a rarrabe. Amsar da ya zaɓa ta kai shi ga wata tambaya mai amsa biyu, haka har ya iso ga sunan tsiron. Da wannan hanya ko wanda bai yi zurfi a ilimi ba yana iya gane abin da ya tsinko a daji. Har yau ɗaliban ilimin tsire-tsire a jami'o'inmu da irin wannan mabuɗi suke aiki, ko da yake kaɗan ne cikinsu suka san wanda ya yaɗa shi.

Shugaban Lambun Sarki a lokacin, babban masani Buffon, ya ga littafin ya yaba, ya sa aka buga shi da kuɗin hukuma. A 1779 aka shigar da Lamarck Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa. A 1781 Buffon ya haɗa shi da ɗansa suka zaga ƙasashen Turai suna ziyartar lambuna da ma'adinai. Daga baya aka ba shi riƙon ɗakin ajiyar busassun tsire-tsire na lambun, aiki mai girma a suna, mai ƙaramin albashi. Ga shi kuwa da iyali. Sau uku ya yi aure a rayuwarsa, matan uku duka suka riga shi rasuwa, 'ya'yansa takwas. Talauci bai taɓa sakinsa ba.

ƘWARI DA TSUTSOTSI

A 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa, aka tumɓuke sarauta, Ikilisiya ma ta sha wuya ƙwarai. A 1793 sabuwar hukuma ta mai da Lambun Sarki babban gidan nazarin halittu, ta naɗa masa shaihunan malamai goma sha biyu. Kujerun ilimin tsire-tsire suka tafi ga waɗansu. Wani saurayi mai shekara ashirin da ɗaya, Geoffroy Saint-Hilaire, ya sami dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye. Lamarck, yana dab da shekara hamsin, aka bar masa abin da ba wanda yake so, watau ƙwari da tsutsotsi.

Wani da ya ɗauki wannan a kan wulaƙanci ya yi fushi ya zauna. Shi kuwa ya koma ɗalibi. A zamanin nan masana sun tara duk ƙananan halittu cikin kashi biyu kawai, ƙwari da tsutsotsi, kamar yadda mace takan zuba tarkacen ɗaki cikin kwando biyu. Lamarck ya zazzage kwandunan. Ya raba gizo-gizo da kunama daga ƙwari, ya ware ƙaguwa da danginta, ya ware tana da matsattsaku, har ya kai kashi goma. Shi ne ya raba dabbobi gida biyu, masu ƙashin baya da marasa ƙashin baya, rabon da yaranmu suke koya a makarantun sakandare har yanzu. Yana kuma cikin mutanen farko da suka laƙaba wa ilimin halittu masu rai sunan da aka san shi da shi a yau, watau bayoloji, a 1802.

Cikin wannan aiki ne ya ci karo da abin da ya juya tunaninsa. A kewayen Paris akwai duwatsu cike da ɓawon katantanwa na ruwa waɗanda suka daskare tun zamanin da teku ta rufe wurin. Da ya jera su a kan tebur, na ƙasa-ƙasa zuwa na sama-sama, sai ya ga waɗansu suna sauya kama kaɗan-kaɗan har su yi kusa da waɗanda ke raye. Har ya wuce shekara hamsin yana ɗauka kowane irin halitta yana nan yadda yake tun farko. A watan Mayu na 1800, cikin laccarsa ta buɗe shekarar karatu, ya fito fili ya ce ire-iren halittu suna sauyawa a cikin dogon zamani.

ABIN DA YA KOYAR

Cikakken bayanin ra'ayinsa ya fito a 1809, cikin littafin da ya kira Philosophie zoologique, watau hikimar sanin dabbobi. A ganinsa abu biyu ne ke aiki. Na farko, akwai wani ƙarfi a cikin rai da ke tura halittu daga sauƙin gini zuwa sarƙaƙiya, kamar mai hawa tsani, daga ƙwayoyin da ido ba ya gani zuwa manyan dabbobi. Na biyu, wurin zama yana karkatar da wannan hawa. In wuri ya sauya, bukatar dabba takan sauya. In bukata ta sauya, ɗabi'a takan sauya. Ɗabi'a kuwa ita ke sassaƙa jiki.

Daga nan ya kafa dokoki biyu. Ta fari ta ce gaɓar da ake yawan aiki da ita takan ƙarfafa ta girma, wadda aka bari kuwa takan raunana har ta shuɗe. Wannan kowa ya shaida, ga damtsen maƙeri, ga ƙafar majinyacin da ya daɗe a kwance. Ta biyu ta ce abin da jiki ya samu ko ya rasa ta wannan hanya yana wucewa ga 'ya'ya, muddin uwa da uba duka suna da shi. Da waɗannan dokoki ya bayyana fatar da ke tsakanin yatsun agwagwa, cewa kakanninta sun yi ta baza yatsu cikin ruwa. Ya bayyana dogayen ƙafafun tsuntsayen bakin ruwa irin su zalɓe, cewa sun yi ta miƙewa don kada jikinsu ya jiƙe. Maciji kuwa, a ganinsa, ya rasa ƙafafu domin ya saba jan ciki ta ƙananan ramuka. Raƙumin dawa ma, wanda yau ba a ambatar sunan Lamarck sai an ambace shi, layuka kaɗan kawai ya samu a littafin: yana zaune inda ƙasa ta bushe, dole ya miƙa wuya ga ganyen itatuwa, sai wuya da ƙafafun gaba suka yi ta tsawo daga tsara zuwa tsara.

Ya kamata mu yi masa adalci a nan. Doka ta biyu ba shi ya ƙago ta ba. Likitocin Helenawa na dā sun faɗe ta, manoma da makiyaya na kowace ƙasa sun ɗauke ta gaskiya, Erasmus Darwin na Ingila ya rubuta irinta a 1794. Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna da Farawa sura 30, inda Yakubu ya ɓare tsabgogi ya ajiye a gaban garken Laban a wurin shan ruwa, da nufin tumaki da awaki su haifi dabbare-dabbare, ko da yake a sura ta 31 shi da kansa ya mai da al'amarin ga ikon Allah. A garuruwanmu ma har gobe akan hana mai ciki kallon wani abu don kada jariri ya ɗauko kamarsa. Sabon abin da Lamarck ya kawo shi ne ya ɗauki wannan tsohon zato ya gina cikakken bayani a kansa na yadda ire-iren halittu suka samu, kuma ya ce duniya ta daɗe ƙwarai fiye da yadda ake tsammani. Bai musunci Mahalicci ba. Ya rubuta cewa Allah ne ya kafa tsarin halitta da dokokinta, sa'an nan tsarin ya ci gaba da aiki bisa ga nufinsa, ko da yake bangaskiyarsa ta yi nisa da abin da aka koya masa a Amiens.

HAMAYYA

Babban abokin hamayyarsa a gida ɗaya suke aiki. Georges Cuvier ƙwararre ne a sanin ƙasusuwa, mai kaifin baki, mai fada a wurin masu mulki. Ya nuna da hujja cewa waɗansu dabbobi, kamar wata irin giwa mai gashi, sun ƙare ƙaf daga duniya. Lamarck ya ƙi yarda da haka, yana cewa ba ƙarewa suka yi ba, sauya kama suka yi. A nan Cuvier ne ke da gaskiya. Amma Cuvier ya dage cewa irin halitta ba ya sauyawa ko kaɗan, a nan kuwa Lamarck ne ke da ita.

Da sojojin Napoleon suka komo daga Masar, masanan da suka bi su sun kawo gawawwakin kyanwoyi da na tsuntsun jinjimi waɗanda Masarawan dā suka shafe da magani suka adana shekaru dubbai. Cuvier ya auna ƙasusuwan ya ga ba su bambanta da na yau ba, ya ce ga shaida. Lamarck ya amsa cewa yanayin Masar bai sauya ba tun zamanin Fir'auna, don haka ba dalilin da zai sa dabbobinta su sauya, kuma shekara dubu uku a tarihin duniya kamar ƙiftawar ido ce. Amsa ce mai ma'ana, amma mutane Cuvier suka saurara.

Shi ma Lamarck ya ba maƙiyansa sanda. Ya tsoma baki cikin fannonin da bai ƙware ba. Ya yi jayayya da sabon ilimin haɗa magunguna na Lavoisier, kuma bai yi daidai ba. Shekara goma sha ɗaya yana buga littafin hasashen yanayi, yana danganta ruwa da iska da tafiyar wata, hasashen kuwa yakan saɓa. Wani masani da yake wurin ya ba da labari cewa a 1809, da Lamarck ya miƙa wa Napoleon sabon littafinsa a gaban taro, sarkin ya zaci littafin hasashen yanayi ne, ya yi masa faɗa mai zafi cewa yana zubar da mutuncin furfurarsa, har tsohon ya zub da hawaye.

MAKANTA DA RASUWA

Bai daina aiki ba. Daga 1815 zuwa 1822 ya fitar da babban littafinsa a kan dabbobi marasa ƙashin baya, juzu'i bakwai, wanda har maƙiyansa suka amince ba kamarsa. Kafin ya gama idanunsa suka mutu, bayan shekaru masu yawa na duban ƙananan abubuwa ta gilashi. 'Yarsa Rosalie ta zauna kusa da shi, yana faɗa tana rubutawa, har littafin ya cika. Ita da 'yar'uwarta Cornélie suka yi jinyarsa shekara goma. Wannan gado ne wanda ba a samunsa ta jini, sai ta tarbiyya.

A 1826 mai mulkin Masar, Muhammadu Ali, ya aika wa Sarkin Faransa kyautar raƙumar dawa da aka kamo daga ƙasar Sudan. Aka sauke ta a Marseille, aka tako da ita a ƙasa har Paris, aka ajiye ta a lambun nan da Lamarck yake zaune. Ita ce ta farko da aka gani da rai a Faransa, jama'a suka yi ta tururuwa dubbai. Tsohon da ya yi bayanin wuyanta yana nan kusa, amma ba idon ganinta.

Ya rasu ran 18 ga Disamba, 1829, yana da shekara 85, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Iyalinsa sai da suka roƙi Majalisar Masana taimakon kuɗin jana'iza. Aka yi gwanjon littattafansa da kayan ɗakinsa. Kabarin da aka sa shi a maƙabartar Montparnasse na haya ne na shekara biyar; da wa'adi ya cika aka kwashe ƙasusuwan, har yau ba wanda ya san inda suke. Bisa al'adar Majalisar, Cuvier ne ya rubuta jawabin tunawa da shi, aka karanta a 1832 bayan shi ma ya rasu. Jawabin ya yabi aikinsa na rarrabe halittu, sa'an nan ya mai da sauran tunaninsa abin dariya. Sai a 1909 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar lambun da ya yi wa hidima.

HUKUNCIN ZAMANI

A shekarar da littafin Lamarck ya fito, 1809, aka haifi Charles Darwin, jikan Erasmus. A 1859 ya kawo wani bayani dabam. 'Ya'yan dabba ɗaya ba su zama daidai. Waɗansu raƙuman dawa an haife su da wuya ɗan tsawo fiye da na 'yan'uwansu. In fari ya zo, su ne za su kai ga ganye su rayu su haihu, sauran su mutu. Manomi ya san wannan, gama shi ma zangarniyar da ta fi kyau yake warewa don iri. Amma Darwin bai san yadda gado ke tafiya ba, har a 1868 shi ma ya koma ga ra'ayin cewa abin da jiki ya samu yana iya wucewa ga 'ya'ya.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa firist ne, Fada Gregor Mendel, na ƙungiyar Waliyyi Augustine a birnin Brno. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta haɗa auren wani irin wake na Turai a lambun gidansu, tsiro wajen dubu ashirin da takwas, yana ƙirga sakamako. Ya gano cewa gado yana tafiya ne cikin ƙwayoyi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata siffa takan ɓuya a 'ya'ya ta sake bayyana a kashi ɗaya cikin huɗu na jikoki. Ya buga binciken a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900, shekara goma sha shida bayan rasuwarsa. A tsakanin nan wani Bajamushe, August Weismann, ya yanke wutsiyar ɓeraye tsara biyar a jere, aka haifi 'ya'ya 901, kowanne da cikakkiyar wutsiya. Gaskiya ne Lamarck a kan aiki da gaɓa ya yi magana, ba a kan rauni ba, amma Weismann ya kafa muhimmiyar ƙa'ida: ƙwayoyin haihuwa a ware suke daga sauran jiki, abin da ya sami damtse ko fuska ba ya rubutuwa a cikinsu. Ga amsar tsagar dattawan Tudun Jukun.

Kuskuren Lamarck bai cuci kowa ba a hannunsa, amma ya yi ɓarna da ya shiga hannun masu iko. A Tarayyar Sobiyet wani mai suna Lysenko ya shawo kan Stalin cewa ana iya horar da alkama ta gadar wa 'ya'yanta jure sanyi. A 1948 aka haramta koyar da ilimin Mendel a ƙasar, aka kori masana, gonaki suka yi hasara. Babban masanin iri Nikolai Vavilov, wanda ya zaga duniya yana tara iri domin yaƙi da yunwa, ya riga ya mutu da yunwa a kurkuku a 1943.

A zamaninmu masana sun gano cewa abinci da wahala suna iya sa wa ƙwayoyin gado wata alama da ke kunna su ko kashe su, kuma a waɗansu tsire-tsire da tsutsotsi alamar takan wuce zuwa tsara ta gaba. A wurin ɗan Adam abin da ya tabbata shi ne tasirin zaman ciki: yaran da suke cikin uwa lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945 sun fi saura kamuwa da ciwon sukari da na zuciya da suka girma. Wannan bai mai da dokar Lamarck gaskiya ba, amma ya isa ya tuna wa magidanta cewa abincin mai ciki ba wurin tsimi ba ne.

Game da bangaskiya, Waliyyi Augustine, ɗan Afirka, ya koyar tun ƙarni na biyar cewa Allah ya shuka waɗansu abubuwa cikin halitta kamar iri, su bayyana a lokacinsu. Paparoma Pius na 12 a 1950 ya yarda a binciki asalin jikin mutum ta hanyar kimiyya, muddin an riƙe cewa kurwa daga Allah take kai tsaye, Paparoma Yohanna Bulus na 2 kuma ya ƙarfafa wannan a 1996.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ba sai mun je Turai mu ga amfanin wannan ilimi ba. A Samaru an fara binciken aikin gona tun 1922, cibiyar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin dawa da masara da wake da auduga da ke fitowa daga can, da kajin da aka inganta a Shika, duka ta hanyar zaɓe da haɗa iri aka same su, bisa tafarkin Mendel. Raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma, yawancinsu suna yankin Kure kusa da Yamai. A 1996 ba su wuce hamsin ba, da aka kiyaye su suka haura ɗari shida.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ciwon sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayarsa a ɓoye, watau AS, kuma tana da yawa a ƙasashenmu ne domin mai ɗauke da ita ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, daidai da lissafin waken Fada Mendel. Uwa da uba kowa ya ba da rabi. Saboda haka zalunci ne dangin miji su ɗora wa mace laifi, ko a ce maita ce, ko abin da ta ci, ko abin da ta kalla. Haka yake ga zabiya. Ubangijinmu da kansa, a Yohanna sura 9, ya ƙi danganta makantar wanda aka haifa makaho da zunubinsa ko na iyayensa. Muna roƙon samari da 'yan mata su yi gwajin jini a asibitin da aka amince da shi tun kafin magana ta yi nisa, kada a bari sai an sa rana.

Ta ɗaya gefen kuma, iliminmu da sana'armu da addu'armu ba za su bi jini su isa ga 'ya'yanmu ba. Ɗan maƙeri sai ya zauna a maƙera yana zuga kafin ya iya ƙira. Ɗan katakis sai an koya masa Ubanmu kamar kowane yaro. Ɗan mashayi ma ba a haife shi da kwalba a hannu ba, kada a yanke masa hukunci da halin ubansa, kamar yadda annabi Ezekiyel ya gargaɗi Isra'ila a sura ta 18. Abin da muka wahala muka samu, in muna so ya wuce mu, sai mun zaunar da yaro mun koya masa.

Lamarck ya karɓi aikin da kowa ya raina yana da shekara kusan hamsin, ya sauya ra'ayinsa da shaida ta tilasta masa, ya ci gaba da aiki cikin talauci da makanta. Ya yi kuskure, waɗansu suka gyara, haka ilimi yake tafiya. Mu tuna da shi cikin addu'a, tare da iyalan da ke jinyar masu sikila a cikinmu. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu hikimar renon abin da ya danƙa mana. Amin.